Darasi Na Bakwai: Raya Ƙasar Gindin Bishiya

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana dalilan da ke sa ciyawa da shuka su ƙi yi a gindin bishiya;
2. auna awannin da rana ke sauka a wuri kafin ya kashe kuɗinsa a kansa;
3. lissafa takin gida da ruwan da fili ke bukata;
4. zaɓar gyaran da ya dace da wurin ba tare da an sare bishiyar ba.

Abin da ido ke gani

A Zurgu da sauran garuruwan ƙasar Rano da Kibiya, da wuya a sami makaranta ko masallacin Juma'a ko ƙofar gidan mai unguwa da babu darbejiya ko mangwaro ko ceɗiya a gabanta. Wanda ya sunkuya ya duba gindin waɗannan itatuwa zai tarar da abu iri ɗaya: ƙasa ta daskare kamar daɓe, saiwoyi sun fito sarari, ga 'yan tsirarun ciyayi dogaye marasa ƙwari da suka karkata wajen da haske yake. Da damina ruwa ya kwanta ko ya kwarara yana yankar ƙasa, da rani kuma iska ta kwashi ƙura ta zuba wa mutane a ido. Haka abin yake a garkar mangwaro da ta tsufa, inda mai ita ya saba samun barkono da yakuwa tsakanin itatuwa lokacin da suke ƙanana, yau kuwa ko tsinke ba ya fitowa. Magani biyu mutane suka fi gudu gare su. Wani ya sayo yuriya da sabon iri ya watsa, wani kuma ya kira mai gatari. Wannan darasi zai nuna cewa duka biyun asara ne. Abin da ya kamata shi ne a fara sanin yawan hasken da ke isa ƙasa, a sassauta ƙasar, sa'an nan a ba wurin abin da zai iya ɗauka.

> Akwatin ma'ana
> Faƙo: ƙasar da ta taurare har ruwa ba ya shigarta, saiwa kuma ba ta iya huda ta.
> Inuwa mai kauri: inuwar da rana ba ta ratsa ta, irin ta mangwaro da tsamiya.
> Inuwa mai shara-shara: inuwar da haske ke ratsawa ɗigo-ɗigo ta tsakanin ganye.

Haske kafin taki

Shuka a ganyenta take haɗa abincinta. Tana jawo ruwa da sinadarai ta saiwa, ta shaƙi iska ta ganye, hasken rana kuma shi ne ƙarfin da ke haɗa su su zama abin da take rayuwa da shi. Taki yana ƙara mata sinadarai ne kawai, ba ya maye gurbin haske. Shi ya sa idan aka zuba yuriya a inuwa mai kauri, ciyawar takan yi tsawo da laushi cikin 'yan kwanaki har mai wurin ya yi murna, daga baya ta kwanta ta ruɓe, domin ta ƙarar da ɗan ƙarfinta wajen miƙa ganye ta bar saiwarta ba komai. Ragowar takin kuwa saiwar bishiyar ce ke shanye shi, ta ƙara ganye, inuwar ta ƙara kauri. Wato mutum ya sayi taki da kuɗinsa ya ƙara wa kansa matsalar da ya zo magancewa.

Ba sai an je nesa neman hujja ba, tana nan a gonakinmu. Kowane manomi ya san gero da dawa sun fi kyau a gindin gawo, sun fi lalacewa a gindin ɗorawa. Duka biyun manyan itatuwa ne masu saiwa da yawa, dabbobi na kwanciya a ƙarƙashinsu suna barin kashi, ganyensu na zuba ya ruɓe. Bambancin shi ne gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, daidai lokacin da shuka ke neman rana, ya mayar da shi da rani; ɗorawa kuwa da damina ne take cika da ganye. Masu bincike a Burkina Faso da Mali sun auna wannan, suka tarar ƙasar gindin ɗorawa da kaɗanya ta fi ta sarari ƙarfi, amma duk da haka amfanin hatsi yana raguwa a wurin, a gindin ɗorawa har yakan faɗi da rabi ko fiye. Da aka rage wa itatuwan rassa sai amfanin ya ɗaga. Ƙasar ba ta canja ba, irin ma bai canja ba, haske kawai aka buɗe. Karin maganar nan ta inuwar giginya da na nesa ke sha ita ma tana ɗauke da wannan ilimi: giginya kanta yana can sama, don haka ranar hantsi da ta la'asar suna shiga gindinta, ciyawa na fitowa har jikin kututturenta. Tsawon da rassa suka yi daga ƙasa da kaurin ganyen su ne ke yanke hukunci, ba girman bishiyar ba.

Akwai itatuwan da suka haɗa inuwa da wata illa. Turare yana shan ruwa ƙwarai, ganyensa kuma ba ya ruɓewa da wuri, yana hana ƙananan tsirrai tashi. Tsamiya ma inuwarta ba ta yankewa, ƙasarta takan zauna tsirara. A irin waɗannan wurare ba a sa rai da shuka, wani gyara dabam ake yi, za mu zo kansa.

Misali na ɗaya: auna rana

Mu ɗauki wani manomi a Zurgu mai garka da tsofaffin mangwaro. Ya kafa turaku uku: na ɗaya taku biyu daga kututture, na biyu daidai inda rassa suka ƙare, na uku taku biyar a wajen rassan ta gabas. Daga ƙarfe 7 na safe zuwa 5 na yamma, duk awa ɗaya sai ɗansa ya leƙa, turken da rana ke dukansa ya ajiye masa tsakuwa ɗaya. Da yamma aka ƙirga: turke na ɗaya tsakuwa 1, na biyu 4, na uku 7. Hukuncin a fili yake. Wurin da ya sami awa 6 ko fiye zai ɗauki kusan kowace shuka. Mai awa 3 zuwa 5 sai shuka mai jure inuwa. Wanda bai kai awa 3 ba kada a wahalar da kai da iri.

A kula da lokacin awon. A yankinmu, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta kusan tsakiyar ka, inuwar azahar ta taru a gindin bishiya. Da hunturu kuwa rana ta karkata kudu, inuwar ta miƙe arewa. Saboda haka wanda zai yi shukar damina ya auna a watan Mayu ko Yuni, mai lambun rani ya auna a Nuwamba.

Ƙasar da aka tattake

Haske ba shi kaɗai ba ne. Gindin bishiya shi ne majalisar dattawa, wurin wasan yara, wurin ɗaure akuya da ajiye babur. Kowane sawu yana matse ƙananan kafofin da ruwa da iska ke bi cikin ƙasa. Sai kuma shara. Tsafta abar yabo ce, addini ma ya yi umarni da ita, amma tsintsiyar da ke bin gindin bishiya kowace safiya tana kwashe ganyen da zai ruɓe ya zama taki, tana kuma kankare ɗan saman ƙasa kullum. Bayan shekara goma sai a ga saiwoyi a waje a ce bishiyar ce ta tura su, alhali ƙasar ce ta tafi. Ganyen da aka tara kuma a cinna masa wuta, takin shekara guda ya tashi hayaƙi.

Gwajin faƙo ba shi da wuya. A sami babban gwangwanin tumatir a fasa gindinsa, a kafa shi cikin ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa, a cika shi da ruwa, a duba agogo. A yi haka a gindin bishiyar, a sake yi a gona mai laushi. Idan na gona ya tsotse cikin 'yan mintoci, na gindin bishiya kuwa yana nan tsaye bayan rabin awa, to ruwan saman da ke sauka a wurin ba shiga yake ba, wucewa yake. Maganinsa shi ne a sassauta ƙasar bayan ruwan farko, lokacin da ta yi laushi. Amma kada a sa garmar shanu ko diga a yi mata kaca-kaca, domin mafi yawan ƙananan saiwoyin da bishiya ke sha da su suna cikin kamu biyu na saman ƙasa. A yi amfani da rodi ko ƙaramar fartanya a hudhuda ramuka masu zurfin kamu ɗaya, tazarar kamu ɗaya, a kauce wa manyan saiwoyi, a cika ramukan da ruɓaɓɓen takin gida. Haƙa ƙananan ramuka a zuba musu taki ita ce dabarar da manoman Tawa a Nijar ke kira tassa, wadda suka raya faƙo mai yawa da ita. Kada kuma a kawo ƙasa a tula a kan saiwoyin da suka fito don a ɓoye su. Abin da ya wuce kaurin yatsa uku yana iya shaƙe su.

> Akwatin ma'ana
> Ragin rassa: yanke wasu rassa da aka zaɓa domin haske ya ratsa, ba tare da an gundule bishiyar ba.
> Lulluɓin ƙasa: rufe ƙasa da busasshen ganye ko kara ko ɓawon gyaɗa domin ta riƙe laima.
> Ruɓaɓɓen taki: kashin dabbobi da shara da suka daɗe a jibge har suka yi baƙi, zafinsu ya fita.

Ragin rassa

Ana farawa da rassan ƙasa, waɗanda mutum ke sunkuyawa kafin ya wuce, domin su ne ke tare ranar safe da ta yamma. Sai busassu da masu cuta da waɗanda suka gicciye juna a tsakiya. Ƙa'idar masu kula da itatuwa ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda. A yi yankan da zarto, kusa da inda reshen ya fito amma ba a shafe jikin uwar ba, a fara ɗan tsaga shi ta ƙasa don kada ya ɓare ɓawo idan ya faɗo. Mangwaro ana rage masa bayan an gama tsinkar 'ya'yansa, gab da faɗuwar damina. Wanda ya yanka da hunturu furen bana ya zubar. Kuma a tuna cewa a ƙasar Hausa sau da yawa mai gona dabam, mai ɗorawar da ke cikinta dabam, musamman inda aka raba gado. A nemi izini kafin a ɗora zarto.

Me za a shuka?

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin suna kwaikwayon abin da suka gani a gidajen gwamnati da filayen ƙwallo na birni. Shimfiɗaɗɗiyar ciyawar ado al'adar Ingila ce, can aka ƙera injin aske ta a 1830. Ruwan da ke sauka a kudancin Kano a shekara ya fi na Landan yawa, sai dai nasu yana rarrabuwa cikin wata 12 a ƙasa mai sanyi, namu kuwa yana zuba cikin wata 4 zuwa 5 ya ɗauke. Bayan haka kiri-kiri, wadda aka fi dasawa a filaye saboda jure tattaki da fari, tana cikin ciyayin da suka fi ƙin inuwa. Dasa ta a gindin mangwaro zubar da kuɗi ne ko da ruwa na gudu a wurin.

A wurin da ke samun awa 3 zuwa 5, a duba abin da Allah ya riga ya tsirar a irin wannan inuwa a daji. Kyasuwa tana son gefen inuwa, dabbobi na cinta, irinta kuma kyauta ne ga wanda ya zage shi da kaka. A garka, gwaza da barkono da gauta sun fi hatsi haƙuri da inuwa. Gwajin da aka yi a kudancin Burkina Faso ya nuna gwaza ta fi yi a ƙarƙashin ɗorawa fiye da a sarari, gero kuwa akasin haka. Citta, wadda Kachiya da Kafanchan suka shahara da ita, da kurkur da na'a-na'a su ma suna karɓar inuwa mai shara-shara idan akwai laima. Abin da aka shuka a inuwa ana ba shi tazara fiye da na sarari, a rage masa takin zamani zuwa kamar rabi, a shayar da shi da safe sosai amma ba kullum ba. Idan ciyawa ce, kada lauje ya aske ta ƙasa-ƙasa, a bar mata tsawon yatsa, domin da ɗan ganyen nan take kama ɗan hasken da ke zuwa.

Inda haske bai kai awa 3 ba, lulluɓi shi ne gyaran. A mayar da ganyen bishiyar gindinta, a ƙara da ɓawon gyaɗa ko yankakken kara, kaurin yatsa uku zuwa huɗu, a bar tazarar kamu ɗaya daga kututture, a kewaye da duwatsu don kada iska da ruwa su kwashe. Duwatsu kam ba a rasa su a ƙasar Rano. Wurin zama kuwa a keɓe shi sarai, a zuba masa yashi ko tsakuwa, a fitar da hanya guda da kowa zai riƙa bi.

Misali na biyu: lissafin taki da ruwa

Wata makarantar firamare tana da fili a gefen darbejiya, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 6, yana samun rana awa 4. Girmansa 10 × 6, wato murabba'in mita 60. Bokiti mai lita 20 na ruɓaɓɓen taki idan aka baza shi a murabba'in mita ɗaya yana ba da kaurin santimita 2. Ke nan ana bukatar bokiti 60. Idan baro yana cin bokiti 3, an sami 60 ÷ 3, baro 20. Wannan aikin gayya ne na yini ɗaya.

Yanzu ruwa. Ciyawar ado da rani tana bukatar aƙalla jarka ɗaya mai lita 25 a kowane murabba'in mita duk mako. Filin nan zai sha jarka 60 a mako, wato kura 5 idan kura tana ɗaukar jarka 12. Daga Nuwamba zuwa Mayu kusan mako 30 ne: 60 × 30, jarka 1,800. Makarantar da ke layi a famfon tuƙa-tuƙa don ruwan sha ba ta da wannan ruwa. Wanda ke kusa da magudanan da ke ɗauko ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, lissafinsa dabam ne. Ga sauran jama'a, abin da hankali zai ɗauka shi ne ciyawar damina da za a yanke ta zama harawa da kaka, a bar tushenta da lulluɓi su riƙe ƙasa har ruwa ya dawo.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce duk wannan wahala ce, a sare bishiyar a huta, ga itacen girki ga fili. Gaskiya ne hatsi zai yi a wurin shekara biyu ko uku, domin zai ci ƙarfin da ganyen bishiyar ya tara. Bayan nan ƙarfin ya ƙare, babu mai mayar da shi, an kuma rasa mangwaron sayarwa ko kalwar daddawa, da inuwar da mutum da dabba ke fakewa a zafin Afrilu. Bishiyar da ta yi shekara 30 tana girma ba a mayar da ita da kuɗi. Mutanen Maraɗi sun bi waccan hanya sun ga ƙarshenta: an share gonaki ƙal, iska ta riƙa binne shuka da yashi. Daga 1983 aka fara dawo da itatuwa ta hanyar renon tohon kututture da rage masa rassa, abin da suke kira sassaben zamani, har aka kiyasta ya game kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Mu da itatuwanmu ke tsaye, bai kamata sai mun rasa su mu san darajarsu ba.

Wani kuma zai ce lulluɓi yana kiran gara da maciji da kunama. Wannan tsoro yana da tushe, ba a raina shi. Gara za ta zo, amma busasshen abu ta fi ci, kuma ramukan da take haƙawa su ne ke buɗe faƙo ruwa ya shiga. A Burkina Faso an auna haka a filayen da suka mutu. Abin kiyayewa shi ne kada lulluɓin ya taɓa kututture, kada kuma ya matsi katangar ƙasa ko rumbu. Maciji kuwa tarin shara mai tsawo da doguwar ciyawa yake nema, musamman inda ɓeraye suke. Lulluɓi mai kaurin yatsa huɗu da ake motsawa da manjagara ba ya ɓoye shi. Duk da haka, a tsakar gida inda yara ke rarrafe ana kuma shimfiɗa tabarma da dare, yashi mai tsafta ya fi, a kai ganyen garka. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, ƙasar da ke shanye ruwanta kuwa ba ta barin kududdufi.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na awaki. Da rani ana sakin dabbobi, duk wani kore da suka gani nasu ne, kuma babu dabarar da ke cikin wannan darasi da za ta yi aiki idan ba a kange wurin ba. Shingen ƙaya ko darnin kara na damina ɗaya ya isa ciyawa ta kafu. A makaranta ko masallaci wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai an zauna da mai unguwa da masu dabbobi an yi magana. Idan ba za a sami wannan yarda ba, gara a tsaya ga lulluɓi da duwatsu.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa gero ke yin kyau a gindin gawo amma ya lalace a gindin ɗorawa?
2. Bayyana abin da ke faruwa idan aka zuba yuriya a inuwa mai kauri.
3. Turke ya sami tsakuwa 2 daga safe zuwa yamma. Wane gyara ya dace da wurin, kuma don me?
4. Yaya ake gwada faƙo da gwangwani?
5. Wane lokaci ake rage wa mangwaro rassa, kuma kashi nawa na ganyensa aka yarda a cire a shekara?
6. Fili yana da tsawon mita 8 da faɗin mita 5. Bokiti nawa na taki yake bukata? Baro nawa ke nan? Jarka nawa zai sha cikin mako 4 na rani?
7. Maƙwabcinka ya ce zai sare tsohon mangwaronsa don ya shuka masara. Kawo hujja biyu da za ka ba shi, da amsar da kake zaton zai mayar maka.

Aikin gida: Kowane ɗalibi ya zaɓi bishiya ɗaya a gidansu ko a garkarsu, ya kafa turaku uku, ya ƙirga tsakuwarsa, ya rubuta sunan bishiyar da adadin a littafinsa. Ku zo da sakamakon aji mako mai zuwa, kuma kafin nan kada kowa ya sayi iri ko taki.